Firintar Da Ta Yi Shiru

Ranar da ya fara zuwa kamfanin sabulun, a ƙarƙashin teburinta ta same shi. Ƙafafunsa kawai ake gani, sauran jikin yana can ciki yana laluben wayoyi a bayan kwamfuta. Ta tsaya da jaka a kafaɗa tana kallon takalman. Masu kyau ne, sai dai igiyar ɗaya ta kwance.

"Malam, me ka ajiye a ƙarƙashin teburina?"

Ya zabura zai miƙe, kansa ya daki katako. Ya fito yana sosa wurin, gilashin idonsa ya karkace, ga ƙura a gwiwar wando.

"Sannu. Ka ji ciwo? Wa ya ba ka makulli? Wannan shuɗiyar wayar ta mece ce?"

Ya gyara gilashin ya dube ta, sai murmushi ya ƙwace masa. "Wacce zan fara amsawa?"

"Ta wayar. Ciwon ai na ga ba ka mutu ba."

Ba banza ake kiranta 'Yar Tambaya ba. Tun tana ƙarama ta gajiyar da mutanen gidansu da me ya sa, ta gajiyar da malaman makaranta, yanzu kuma ma'aikatan kamfani ke shan nasu rabon. Wasu har hanya suke canjawa in sun hango ta. Shi kuwa wannan baƙon, da ta yi tambayar, sai ya ja kujera ya zauna ya amsa mata tun daga tushe, kamar dama abin da ya kawo shi ke nan. Wannan ne ya fara ba ta mamaki.

Aikinta buga lebul ne, wato farar takardar nan mai danƙo da ake mannawa a jikin kwali. Kwalayen kamfanin duk iri ɗaya ne, launi ɗaya, girma ɗaya. Da na sabulun wanki da na sabulun jarirai, in inji ya zuba ya rufe, ba mai bambancewa sai an duba lebul. A jikinsa ake samun sunan kaya, ranar da aka yi shi, lambar kwalin, da zanen layi-layin nan da na'ura ke karantawa. Ita ke aikawa daga kwamfutarta, firintar da ke can bakin layin da ake cika kwalaye ta fitar, mata masu shirya kaya su ɓare su manna.

Shi kuma wani kamfanin kwamfuta ne ya turo shi ya kafa sabuwar manhajar da za ta riƙa tafiyar da wannan aikin. Ya zo da wata baƙar firinta irin ta bakin layin sak, ya ajiye a gefen teburinta don gwaji. Duk lebul ɗin da ya buga daga cikinta, da manyan haruffa yake fitowa a tsakiya: GWAJI. Ta tambaye shi dalili, ya ce don kada wani ya ɗauka ya manna a kwalin gaske. Ba a daɗe ba ta daina ce masa Injiniya kamar kowa, ta koma kiransa Gwaji. Ya ce bai yarda ba. Ta ce ba a tambaye shi ba.

Ita fa ba ta iya ganin takarda a kwandon shara ta wuce ba ta karanta ba. Haka ta lura cewa a duk lebul ɗinsa na gwaji, wurin da ake sa sunan mai sayen kaya, kalma ɗaya yake rubutawa: Gimbiya. Ta yini abin yana cin ta. Ta ce wa kanta ina ruwanta, ta sake cewa ina ruwanta, amma da ta koma gida da yamma sai ta jawo waya.

"Sannu da aiki. Tambaya ce ta aiki. Wace ce Gimbiya?"

"Wannan ce tambayar aiki?"

"A lebul na gani, lebul kuwa aikina ne."

"'Yar yayata ce. Ba ta ma shiga makaranta ba, amma ita ke mulkin gidanmu. In kina so in cire ta in sa wani suna, ki faɗa."

"Wane suna?"

"Ai kin fi ni iya tambaya. Ki tambayi kanki."

Ta kife wayar a kan katifa tana dariya ita kaɗai. Mahaifiyarta ta leƙo ɗakin ta ce, "Lafiya, ke da wa?" Ta ce ita da aiki. Mama ta dube ta sama da ƙasa, ta ce lallai aikin nan ya yi daɗi, ta saki labule.

Daga nan hutun rana ya zama nasu. Ya nuna mata yadda faɗin kowane layi a zanen yake nufin lamba. Ta tambaya me ya sa firintar ba ta shan tawada, ya ce zafi take amfani da shi, ya sa ta goga farce a jikin lebul da sauri, baƙin layi ya fito. Ta yi ta gogawa kamar yarinya har ta ɓata guda biyar. Shi kuma ya lanƙaya mata suna, Me-ya-sa, in ba kowa a ofis ya ƙara da "tawa".

Wata rana yana naɗe waya, ba tare da ya kalle ta ba, ya ce, "Na je kamfanoni da yawa. Kowa so yake abu ya yi aiki kawai. Ke ce ta farko da ta tambaye ni yadda yake yi."

"To, shi ke nan?"

"Ba shi ke nan ba. So nake in yi ta amsa miki har in tsufa."

Tun da aka haife ta, ranar ce ta farko da ta rasa tambayar yi. Ta sunkuyar da kai tana wasa da zoben hannunta, zuciyarta fal da farin ciki.

Matsalar tana can bakin ƙofar fitar kaya, zaune a kan kujerar ƙarfe. Mahaifinta ne shugaban wurin, masu lodi suna kiransa Baban Ƙofa. Ba motar da ke fita da kaya sai ya duba ya ce ta tafi, kuma abin alfaharinsa ɗaya ne a duniya: tun da ya fara aiki, motar da ya sallama ba ta taɓa dawowa don kuskure ba. Yana da wanda yake yi wa 'yarsa sha'awa, ɗan abokinsa mai motocin da ke ɗaukar kayan kamfanin. Ɗan Mai Motoci saurayi ne mai ƙamshin turare da saurin durƙusawa in ya ga Baba. Ita dai ta taɓa tambayarsa me ya sa tayoyin baya suke bibbiyu, ya ce mata wannan ba maganar mata ba ce. Tun ranar ta rufe babinsa.

Da Mama ta kai wa Baba maganar Gwaji, ya sa aka kira ta bayan an ci abinci.

"Uwata, zauna. Yaron nan ba ni da laifin da zan ce ya yi. Yana gaisuwa, yana da natsuwa. Amma aikinsa na tafiya ne. Yau yana nan, gobe ya naɗe wayoyinsa ya yi gaba. In abin da ya haɗa ya lalace, wa za a kama? Mu da muke nan. Irinsu na gansu da yawa, in rana ta ɓaci ba ka ganin ko ƙurarsu. Ni ba zan ba da 'yata ga wanda ban san inda zan same shi ranar matsala ba."

"Baba, ai ba ka san shi ba tukuna."

"Shi na ce. Ki dakata da magana da shi har in yi tunani."

Mama ta ce, "Baban yara, ofis ɗaya fa suke."

"Na gama magana."

Ta shiga ɗaki ranta a ɓace, ta rubuta masa:

"Baba ya ce in daina magana da kai har ya yanke shawara. Kada ka kira."

"Na ji, zan jira. Amma wa zai riƙa yi mini tambaya, Me-ya-sa tawa?"

Ta karanta har hawaye ya hana ta ganin rubutun, ba ta amsa ba. Kuma da yake jinin Baban ne a jikinta, sai ta ɗauki umarnin da taurin kai. An ce kada magana, to ko gaisuwa ba za ta yi ba, a ga wanda zai gaji.

A cikin kwanakin nan aka kira Gwaji wani kamfani na ɗan lokaci. Yana can firintar bakin layi ta fara fitar da lebul rabi da rabi. Aiki ba ya tsayawa, don haka mai gyaran lantarki ya ɗauki firintar gwajin ya kai bakin layi, ya gyara ta layin ya dawo da ita gefen teburin. Iri ɗaya ne, mai kallo ba zai ce an taɓa komai ba. Sai dai a cikin manhaja kowace firinta da sunanta, kuma sunan injin yake bi, ba wurin da aka ajiye shi ba. Ita ta san haka, shi ya koya mata. Ta gyara nata aikin ya bi sabuwar hanya, ta ɗauki waya ta rubuta masa cewa an yi musanya. Sai ta tuna maganar Baba, ta ja tsaki ta goge.

Safiyar da ya dawo, ta gaishe shi da kai kawai, ta fice wai za ta ɗauko sabon naɗin lebul a sito. Ɗaukowar da ba ta ɗaukar wani lokaci ta ja ta har rana ta ɗaga, don ta san in ta zauna kusa da shi bakinta ba zai yi shiru ba.

Da ta dawo suka zauna kowa yana kallon gabansa. Can wajen azahar ya ɗan bubbuga firintar da ke gefen teburin, ya ce, kamar da bango yake magana, "Tun safe ta ƙi fitar da komai."

Ta daure. Ta ƙara daurewa. Taurin kai da son sani suka yi kokawa a ƙirjinta, kuma kowa ya san wanda zai kayar.

"Me ka aika mata?"

Ya juyo da sauri, fuskarsa ta washe. "Manaja ne yake so ya ga yadda sabon lebul ɗin sabulun jarirai zai fito. Ya ce in cire kalmar GWAJI da sunan Gimbiya, ya gan shi yadda yake. Kwamfutata ba ta gama haɗuwa ba, sai na yi da taki tunda a buɗe take. Na aika shiru, na sake aikawa shiru, na ƙara yawan na sake aikawa."

"Kwamfutar me ta ce?"

"Ta ce an buga. Ƙarya take, kin ga ai ba komai."

"To in ta ce an buga, kuma bai fito nan ba, ina ya fito?"

Tana rufe baki amsar ta faɗo mata.

"Gwaji, wannan ba firintarka ba ce. Taka tana bakin layi."

Da gudu suka isa. Shugabar mata masu mannawa ta ce ƙwarai, da safe ana cikin na sabulun wanki sai ga na jarirai sun yi ta fitowa, kusan hamsin. "Mu ai abin da ya fito muke mannawa, 'yata. Kwali a rufe yake zuwa mana. Mun ɗauka an canja kaya ne." Kwalayen an kai su sahun sabulun jarirai, kuma daga sahun nan aka loda motar da ta fita ɗazu. Kayan wani dillali ne mai rarraba wa asibitocin haihuwa. Baban Ƙofa ya karanta lebul, ya ga daidai da abin da aka nema, ya ce ta tafi.

Ɗan Mai Motoci yana tsaye kusa, ya ji komai. Ya ja ta gefe ya rage murya.

"Ƙanwata, kwantar da hankalinki. Da kwamfutarki aka aika, ko? To sunanki ne zai fito. Amma motar tamu ce, direban yarona ne, ba wanda zai ji. Su can ba buɗe kwali suke ba, sai ya isa asibiti, wataƙila bayan wata guda. Lokacin sai a ce inji ne. Kin san Baba, in motarsa ta dawo yau, wannan mai gilashin ya gama yawo a gidanku. Ni kuma kin ga na rufa miki asiri."

Abin kunya, maganar ta shige ta. Ta koma wurin Gwaji.

"In Baba ya ji, mun gama. Dama dalili yake nema."

"Na sani."

"To mu ɗan jira mana. Wataƙila..."

Ya cire gilashinsa ya goge da gefen riga ya mayar.

"Asibitin haihuwa za a kai su. Ranar da suke buƙata za su buɗe su ga sabulun wanki. Kuma sunanki ne a kan aikin da ba ke kika yi ba. Wanne zan haɗiye a ciki, Me-ya-sa?"

Bai jira amsa ba ya nufi ƙofar fitar kaya. Ta tsaya kamar an dasa ta, sannan ta bi shi.

Baba yana kan kujerarsa. Gwaji ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗi abin da ya faru ba kwana-kwana. "Ni na aika, Baba. Da kwamfutarta na yi, ba ta ofis. Motar da ka sallama ɗazu akwai sabulun wanki a cikin kwalayen jarirai."

Baba bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ta fi samun sauƙi. Ya dube shi ya daɗe, sannan ya ciro waya ya kira direban da kansa ya ce ya juyo.

Ɗan Mai Motoci ya matso yana murza hannu. "Baba, da an bari ta isa ai. Wallahi ba mai lura. Sunanka nake ji, kuma ga asarar mai."

Baba ya juyo ya yi masa kallo ɗaya. "Kai ka san da maganar tun ɗazu?"

Saurayin ya fara kame-kame. Ba a jima ba ya tuna yana da wani uzuri a cikin gari, ya shiga motarsa.

Manaja ya sauko yana faɗa, ya kira kamfanin su Gwaji a gaban kowa. Daga can aka ce ya tattara kayansa ya miƙa katin shiga, gobe za a turo wani. Tana tsaye ta ga ya fito daga ofis da jakarsa a baya, kansa a ƙasa, ya nufi babbar ƙofa har ya fice. Bai waiwayo ba. Baba ya bi shi da kallo, sannan ya dubi 'yarsa. Ta ji kamar kallon yana cewa ga abin da na faɗa miki. Ashe gaskiyar Baba ce, ya faɗi laifinsa ya wanke kansa ya tafi, ya bar su da kwalaye.

Motar ta dawo rana na tsaka da zafi. Da ta shigo da baya tana ƙara, Baba ya miƙe tsaye, ta ga kafaɗunsa sun sauka kamar ya ƙara shekaru. Ya ce a sauke duk kwalin da aka rubuta jarirai, a buɗe ɗaya bayan ɗaya, tunda ba yadda za a gane na kuskure daga waje.

An fara saukewa ke nan mai gadi ya taho.

"Baban Ƙofa, wai ga Injiniyan nan da aka sallama a bakin ƙofa. Ya miƙa katinsa ɗazu, yanzu kuma ya dawo yana neman shiga. Na ce sai da izininka."

"Me ya manta?"

"Ya ce kwalaye."

Baba ya ce, "Bar shi ya shigo."

Sai ga shi ya naɗe hannun riga, riƙe da leda. Ashe da ya miƙa katin, shagon tsallaken titi ya je ya sayo reza da salatif na rufe kwali. Ya ajiye jakarsa a gefen bango ya ce, "Baba, ina zan fara?"

Baba ya nuna masa tulin da haɓa.

Wanda bai taɓa ɓare lebul daga jikin kwali ba zai ɗauka wasa ne. Danƙon an yi shi ne don kada ya ɓaru. Gwaji ya riƙa tsaga kwali, ya leƙa, in na wanki ne ya ware ya kankare takardar da farce da reza, ya rufe. Kafin a yi nisa gumi ya jiƙa masa riga, gefen farcensa ya fara jini, gilashin yana ta zamowa. Masu lodi suka fara tsokanarsa, wai hannun kwamfuta ya haɗu da aikin maza. Ya yi dariya ya ce su ci gaba, ya cancanta. Ita kuma ta koma ofis tana buga sababbin lebul, ta kawo da hannunta, kowanne sai ta leƙa cikin kwali kafin ta manna.

Ana cikin haka Baba ya zo ya tsaya a kansu. "Ni har yanzu ban gane ba. Kai da ka san aikinka, ya aka yi ka aika wa firintar layi?"

Gwaji ya ce, "Ya kamata in duba tun da na ga ba ta fitar ba, Baba. Ban duba ba, na yi ta aikawa."

Ta ga zai tsaya nan, ba zai ambace ta ba. Ta ajiye naɗin lebul ɗin.

"Baba, an yi musanyar firintocin ne yana can. Ni na sani, shi bai sani ba. Ban gaya masa ba."

"Me ya hana ki?"

Ta sunkuyar da kai. "Kai ka ce in daina magana da shi."

Wani mai lodi ya tuntsire da dariya, ya mayar da ita tari. Baba ya gyara hularsa, ya ce wa masu lodin me suke kallo, sannan ya ja wani kwali gabansa ya karɓi reza ɗaya daga ledar ya durƙusa shi ma.

La'asar ta yi sanyi kafin a rufe kwali na ƙarshe. Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya karanta, ya sa aka loda, ya bugi jikin motar ya ce ta tafi. Masu lodi suka watse. Gwaji ya wanke hannu a famfo, ya ɗauki jakarsa ya zo yin sallama. Ita tana bayan wani tulin kwalaye tana tattara ɓawon takarda, kunnenta duk yana wurinsu.

"An sallame ka tun azahar," in ji Baba. "Me ya dawo da kai?"

"Daga aikin aka sallame ni, Baba. Ɓarnar tawa ce har yanzu."

"Ka san tun da nake, yau ce ranar farko da motata ta dawo?"

"Na sani. Ka yafe mini."

Baba ya dubi yatsun yaron, ya daɗe yana kallo. "Gobe ina za ka?"

"Ban sani ba tukuna. Sai abin da ofis suka ce."

"Mahaifinka yana nan?"

"Ya rasu. Kawuna ne a madadinsa."

"Allah ya jiƙansa. Ka ce wa kawun naka ina son ganinsa." Ya ɗan ɗaga murya ba tare da ya juya ba. "Ke kuma mai laɓe, kawo masa filasta a akwatin ofis. Kuma na janye, ki riƙa yi masa magana kafin ki rushe mana kamfani."

Ta fito hawaye da dariya a haɗe, har ta yi tuntuɓe da kwali.

Da yamma, bayan Mama ta gama yi wa Baba tsiya son ranta, saƙo ya shigo.

"Yatsuna ba sa iya rubutu da kyau. Amma na ji an janye doka."

"Na zaci ka tafi. Na ji haushinka har na kusa tsanarka."

"Kusa kawai?"

"Kusa kawai. Ka yafe mini, da na gaya maka da ba a kai ga haka ba."

"Tare muka yi. Ki ajiye hawayen, ki tara mini tambayoyi."

Kamfaninsu ya yi masa gargaɗi mai zafi, ya tura shi wani wuri mai nisa na wasu watanni. Duk ƙarshen mako sai ya shigo mota ya zo, ya fara gaida Baba kafin ya nemi ganinta. Kawunsa ya zo da manya, aka yi magana, aka sa rana.

Ranar da aka ɗaura auren gidan ya cika maƙil. Masu lodi suka zo da sababbin kaya har ba a gane su, matan bakin layi suka mamaye tsakar gida da shewa. Da lokacin tafiyarta ya yi, aka kai ta ɗakin Baba, aka kira ango ya durƙusa kusa da ita. Tana kuka a cikin mayafi, tana jiran doguwar nasiha.

Baba ya yi gyaran murya sau biyu kafin maganar ta fito.

"Ni ba zan ce muku kada ku yi kuskure ba. Za ku yi, kai da ita, ba sau ɗaya ba. Ni ma na yi nawa a kanka. Abu ɗaya nake roƙonka, ɗana. Ranar da abu ya ɓaci a gidanku, ka tsaya mata yadda ka tsaya a bakin ƙofata."

"In Allah ya yarda, Baba."

Ya kama hannunta ya sa a cikin na mijinta, ya riƙe su duka biyun da nasa.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku zuri'a ta gari. Ku tashi ku tafi, Uwata, kafin in ce na fasa."

Mama ta ce amin tana share ido, ɗakin duka ya amsa.